Yadda Na Zama Kunnen Maigidana

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da magani.

Ni ba mai yawo ba ce. Duk unguwarmu a Madarumfa an san ni da zaman gida da surutu. In kin shigo aron turmi, sai kin sha labari kafin ki fita. Karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci da munka yi ƙarƙashin rumfa ba, don haka wanda ya ga harafi ya karkace ya yi haƙuri. Abin da ya zaunar da ni rubutun nan, mata sun dame ni da tambaya guda: "Habsu, ya jikin maigida?" In ce da sauƙi, su ce alhamdu lillahi, su wuce. To, da sauƙin ne. Ya tashi, shina cin tuwo, shina zuwa lambu. Amma akwai abin da ba ya shiga cikin "da sauƙi", shi nake so in faɗa, ko wata ta tsira daga abin da ya same mu.

Maigidana, ni ba na kama sunanshi amma za ku ji shi a bakin maza, Lawali, shi ne sakataren ƙungiyar masu lambu na bakin tabki. Zogale suke nomawa, da albasa da tumatir. Shi ne mai lakwal a cikinsu, wato wanda ya yi boko, ya iya faransanci, ya iya rubutun Hausa. Duk harkar ƙungiya cikin salula take bi, ta wani gurup da sunka buɗe: wa ke da injin ban ruwa yau, yaushe taki zai iso, wace mota za ta kwashi zogale zuwa Maraɗi. Da yake yawancinsu ba su karatu, ba a rubutu a gurup ɗin, sai vokal: ka danna ka yi magana, muryarka ta tafi ga kowa. Duk ƙarshen wata kuma akwai taro na bidiyo da mutanen porjen da ke tallafa masu, wata madam daga Maraɗi da wasu daga Yamai. Ba mu da shago, ba mu da sarauta. Aikin nan shi ne girmanshi a gari. In ya wuce, dattijo ma sai ya ce, "Sakatare, tsaya in tambaye ka."

Cikin bazara abin ya fara. Ya dawo daga lambu da azahar ya ce kanshi kamar ana sara da gatari. Na ce rana ce, na dama mashi hura mai sanyi, na aika anka sayo ƙwayar ciwon kai wurin mai tebur. Washegari jiki ya yi zafi, ya fara amai. Inna, mahaifiyarshi, ta zo ta taɓa goshinshi ta ce, "Wanga shawara ce, ku jiƙa mashi sabara." Wata maƙwabciya ta ce ai ba a tsayawa bakin tabki da rana tsaka, wataƙila ya taka abin da ba a takawa. Anka kawo rubutu, anka yi hayaƙi. Ba na zagin rubutu, amma ku ji ni da kyau: ranar da na ɗago kanshi in ba shi ruwa, wuyan ya ƙi lanƙwasawa, ya sandare kamar muciya, ranar ya kamata a ce tuni muna likita, wato asibiti. Mu kuwa sai da munka ƙara kwana muna jiran hayaƙi ya yi aiki.

Da ya fara sambatu, bai san ni ba, bai san Inna ba, munka ɗora shi a amalanken jaki zuwa likitar gari. Majo, babban ma'aikacin jinya na wurin, na ganin wuyan ya ce, "Sanƙarau ne. Mi kuke jira tun tuni?" Ya yi mashi allura, ya ce a wuce da shi Maraɗi yanzu-yanzu. Nan zan faɗi alheri kafin in faɗi akasinshi. Alhaji Mati, shugaban ƙungiya, shi ya ba da motarshi, da direba, da esansi, wato man mota, bai karɓi ko dala ba. Ƴan gurup kuma sun haɗa gudummawa sun aiko. Allah ya gani, ban manta ba.

Satin farko a Maraɗi ban san dare da rana ba. Layi wurin yankar tikiti, layi wurin awo, layi wurin farmasi, kana isa gaba a ce wannan maganin babu, a nema a waje. Anka ɗebi ruwa daga gadon bayanshi da wata allura mai tsawo, ni na riƙe ƙafafunshi ina kallon bango. Kowace safiya sabuwar takardar magani. Tunkiyata ta tafi, ɗan bijimin da muke kiwo ya bi ta. Akwai wata ma'aikaciya baƙa doguwa, ban san sunanta ba, duk lokacin da ruwan da ake ƙara mashi ya tsaya ita ke zuwa ba tare da tsaki ba. Allah ya ba ta aljanna.

Sati na biyu zazzaɓi ya sauka, ya buɗe ido, ya gane ni. Murna ta sa na buɗe baki kamar an ɓalle madatsa. Na ba shi labarin wanda ya zo da wanda bai zo ba, da akuyar maƙwabta da ta cinye mana shanya, da kuɗin albasa a kasuwa. Shina kallona, bai ce komi ba. Na ce a raina fushi yake don na sayar da bijimi. Can sai ya ce da ƙarfi, har mai gadon kusa ya zabura:

"Habsu, mi ya sa kike motsa baki ba ki magana?"

Dokotoro ya zo da safe, ya zagaya bayanshi, ya saki farantin ƙarfe a ƙasa. Duk ɗakin ya razana, wata tsohuwa har da salati. Maigidana bai ko ƙifta ido ba, shina gyara bargo. Dokotoro ya ja ni gefe ya ce, "Ciwon ya tafi, amma ya bar sekel." Na ce mi ne ne sekel? Ya ce abin da cuta ke bari a baya in ta wuce. Kalmar nan ta zauna mani a kunne har yau. Ya ce kunnuwan duka biyu ne, akwai awo a Yamai amma kada mu sa rai da yawa. Sannan ya ce abin da na riƙe kamar wasiyya: "Kada ku bar shi ya zauna shi kaɗai. Ya koma cikin mutane, ya koma aikinshi. Kurma kaɗaici ke kashe shi, ba kunne ba."

Munka dawo gida shina tafiya shina tangaɗi, sai ya dafa bango. Ƴan dubiya sunka cika gida, kowa da maganinshi. Inna ta ɗiga mashi man shanu mai ɗumi. Wata ta ce nonon mai jego, anka nemo, anka ɗiga. Anka kai shi wurin wani malami a Safo, ya yi tofi, ya ce kafin sabon wata zai ji kiran salla. Ƙanenshi ya bi ta Ɗan Issa har Katsina ya sayo wani ɗan abu da ake saƙalawa a kunne, ya ci mana jika goma sha biyar na sefa. Ni ke jin shi shina fito kamar ɗan tsako, mai kunnen bai ji komi ba. Mutane kuma sai su zo su sa baki a kunnenshi su yi ihu, "LAWALI! YA JIKI?" har miyau ya fesa mashi a kumatu. Ya koyi abu guda don ya huta da su: ya yi murmushi, ya gyaɗa kai. Duk abin da anka ce, murmushi da gyaɗa kai.

Ranar da ya ɗan samu ƙarfi, abin da ya fara nema salula ce. Na sa ta caji na miƙa mashi. Ya buɗe gurup, vokal sun taru reras kamar an shanya barkono, babu rubutu ko layi ɗaya. Ya danna na farko. Muryar Alhaji Mati ta cika tsakar gida, shi kuwa shina kallon ɗan ɗigon nan da ke tafiya daga wannan gefe zuwa wancan. Ya kai salular kunnen dama, ya mai da ta na hagu, ya manna ta a haƙori. Ya ajiye. Ya ce, "Habsu, in aikin ga ya fita hannuna, ki ɗauka an rufe ni da rai. Ke za ki zama kunnena."

Haka munka fara. Ni ina ji, ba na iya rubutu da sauri. Shi shina karatu, ba ya ji. Na samo gawayi, daɓen tsakar gida ya zama allonmu. In saurara, in duƙa in zana, ya karanta shina gyara mani harufa, in goge da tsumma. Wanda bai taɓa sauraren vokal ɗin mutanenmu don wani ba, bai san wahala ba. Mutum zai danna: salamu alaikum jama'a, ina kwananku, ina gajiya, ya iyali, ya zafi, ya ruwa, ya haƙuri da rashin da anka yi, ina gaida Alhaji, ina gaida liman, ina gaida kowa da kowa kada in manta wani. Tuwo na kan wuta, ni ina tsaye da gawayi. Sai can wutsiyar magana ya ce, "Af, injin nan fa ya ƙi tashi," ya kashe. Ba dama ki tsallake gaisuwa, don ba ki san inda maganar ta ɓuya ba.

Don in rage rubutu, sai na koma kwaikwayon mutane. In Alhaji Mati ne, in turo ciki in shafa gemu. In Issufu ne, wani ɗan ƙungiya mai ɗan karatu da ke taya maigida aiki da can, in sosa ƙeya in lumshe ido. Ranar farko da na yi mashi Alhaji ya yi dariya har da hawaye, dariyar farko tun ciwon. Waɗannan kwanakin, duk da wuyarsu, ba zan ce ban ji daɗinsu ba. Shekara da shekaru shina ce mani surutuna ya yi yawa, yau ga shi zaune shina jiran abin da zan ce.

Matsala ta taso wurin mai da amsa. Da farko ya rubuta. Sai wani ya aiko vokal shina dariya: "Sakatare ya koma aiko muna da takardar gwamnati! Wa zai karanta muna? Mu ba mu yi lakwal ba." Wani dattijo ya ce ai rubutu ba gaisuwa ba ne, yaro ya aiko ma manya zane babu ko sallama a baki. Na rubuta mashi abin da sunka ce, na rage kaifin.

Sai ya ce to bakinshi ai bai mutu ba. Ina madafa ya danna ya yi vokal ya aika. Wanda ba ya jin muryar kanshi bai san inda ta kai ba. Ni daga bakin murhu na ɗauka faɗa ake a waje. Magana ce ta rabon ruwa, babu zagi a ciki, amma ta fita kamar tsawa, kuma sunan Alhaji ne a farkonta. Ba a jima ba amsa ta zo, murya a sanyaye: "Lawali, ni kake ma tsawa gaban jama'a? To, na gode. Ciwo ne, mun yi uzuri." Da Alhaji ya ce "mun yi uzuri", na san bai yi ba.

Daga ranar munka yi dabara. In zai yi vokal, in zauna kusa da shi in ɗora hannu a gwiwarshi. Murya ta hau, in matsa, ya sassauta. Har ya iya, har wasu sunka ce Sakatare ya warke.

Amma ni mutum ɗaya ce, kuma gida ba ya tsayawa. Wata safiya maƙwabciyata ta kama naƙuda, anka kira ni. Ina can vokal ya shigo cewa motar zogale ba za ta zo da hantsi ba, sai washegari. Aikin sakatare ne ya sanar da masu yanka su dakata. Salula na gabanshi, ya ga saƙo ya shigo, ya danna, ya kalli ɗigo shina tafiya, ya jira ni. Kafin in dawo an yanke zogale an ɗaure, ya yini bakin hanya cikin rana ya yi laushi. Mutane sun yi asara, ban musa ba. Wanda ya yi asara kuwa ba ya tambayar yadda anka yi.

Bayan wannan kunnena ya fara tsinto abin da ba a faɗa ba. A zauren Alhaji Mati akwai wata fanka mai kuka ƙiiƙ-ƙiiƙ, duk vokal ɗinshi tana ciki. Sai na fara jin fankar nan cikin vokal ɗin Issufu. Yau fanka, gobe fanka. Na kuma lura an daina cewa "a tambayi Sakatare", an koma "Issufu, ka duba muna". Na rubuta mashi a daɓe: ISSUFU KULLUM ZAUREN ALHAJI. Ya karanta ya goge da ƙafa, ya ce, "Ke da kunnenki na zomo. Taron wata na zuwa, can zan nuna masu ban mutu ba."

Ya rubuta ma madam ta porje halin da yake ciki. Ita tana karatu, ta amsa da daɗi. Ta ce a taron bidiyo akwai wurin dannawa, duk abin da anka faɗa sai ya fito a rubuce ƙasan hoto. Ranar nan ya ci tuwo malmala biyu. Ya sa na wanke mashi farar riga, ya sayi mega, wato data, mai yawa don kada ta yanke. Ya ce in zauna gefe inda hoto ba ya kama ni, kuma ko mi anka ce kada in yi magana. "Taron maza ne. In anka ji muryarki, an gama da ni, za a ce mace ke riƙe da ƙungiya."

Da la'asar anka fara. Munka jingina salula jikin tulu, ya zauna a tabarma ya miƙe wuya, ni ina gefe da gawayi. Fuskoki sunka fito ƙanana kamar ƙwayar gujiya. Dama ya fara ɗan gane magana a leɓen mutum in suna kusa, amma nan wane leɓe? Rabinsu ma sun rufe hotonsu don kada mega ta ƙare, sai baƙin fili da suna. Madam ta fara da faransanci, rubutu kuwa ya fito, shina gudu shina bi da ido, ya waiwayo ya yi mani murmushi. Ni ban fahimci ko kalma ba, amma na ce alhamdu lillahi.

Sai anka ba manoma magana, anka koma Hausa. Rubutun nan ya haukace. Ya ce mani daga baya wasu kalmomi yake zubowa marasa kai da gindi, kamar sambatun mai zazzaɓi, can kuma ya tsaya cak. Abin bai san Hausa ba. Wanda ya ƙera shi bai taɓa tunanin akwai kurma a bakin tabkinmu ba. Nauyi ya dawo kan gawayina. Kafin in rubuta abin da na farko ya ce, na ukku na magana. Rezo, wato layin salula, ya yanke, ya dawo, an wuce wani wuri. Maigidana ya ga ba ya bi, sai ya koma ga abin da ya saba: murmushi da gyaɗa kai.

Nan Alhaji Mati ya yi gyaran murya, fanka na kuka bayanshi.

"Jama'a, sai magana ta ƙarshe. Ɗan'uwanmu Lawali, kowa ya san abin da Allah ya ɗora mashi. Mun yi shawara, mun ga a hutar da shi, Issufu ya riƙe sakatare. Ba don ya yi laifi ba, tausayi ne. Lawali, ga ka nan muna ganinka. In kana da magana, ka yi."

Na duƙa na fara: ZA SU. Gawayin ya karye. Na kai hannu na damƙi gwiwarshi da ƙarfi don ya dube ni. Shi kuwa abin da ya sani da hannuna a gwiwa, murya ta yi yawa. Bai ma buɗe baki ba, amma ya ƙara tsuke shi, ya gyara zama, idonshi a kan salula. Maganar tana nan a bakina, "ku dakata, bai ji ba", kalma biyar. Na tuna abin da ya ce mani. Tun ina yarinya ba a taɓa jin muryata cikin taron maza ba, ranar ma ba a ji ba.

"To, kun gani, ya gyaɗa kai," in ji Alhaji. "Lawali mutumin kirki ne, dama na san ba zai ja ba. Liman, a yi muna Fatiha."

Cikin ƴan fuskokin da ke buɗe, ya ga hannuwa sun tashi. Ya ɗauka addu'ar tashi ce. Ya ɗaga nashi, ya karanta, ya shafa a fuska, ya ce "Amin" da ƙarfi har kaji sunka watse. Na ji wani ya ce, "Allahu akbar, kun ji imani."

Anka kashe. Ya waiwayo shina fara'a ya ce, "Kin gani? Lahiya lau anka tashi. Mi Alhaji ya ce daga ƙarshe?" Na ɗauki guntun gawayin na ƙarasa rubutun, harafi bayan harafi, shina tsaye kaina shina karantawa tun ban gama ba. Bai yi faɗa ba. Ya dubi tafin hannuwanshi, ya cire farar rigar ya rataye a igiya, ya shiga ɗaki.

Washegari na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗauki mayafi na tafi gidan Alhaji Mati. Na durƙusa bakin zaure, fankar nan na kuka a kaina. Munka gaisa, ya tambayi mai jiki.

Na ce, "Baba Alhaji, alfarma na zo nema. Jiya bai ji abin da anka ce ba. A sake zama, a rubuta mashi, ya amsa da bakinshi. In ma sauke shi za a yi, a sauke shi shina sane."

Ya ce, "Ɗiyata, an shafa Fatiha. Kin taɓa jin an kwance abin da anka shafa ma Fatiha? Shi da kanshi ya shafa, har mutanen Yamai sun gani."

"Hannuwa ya gani, Baba, ya bi."

"To ke ba kina wurin ba? Kowa ya san kina wurin, muna jin ƙarar gawayinki. Mi ya hana ki magana?"

Na ɗago na dube shi, abin da ban taɓa yi ma babba ba. Na ce, "Da na yi, da mi za ku ce?"

Ya ja carbi, ya dubi waje. Can ya ce, "Lambu ba ya jiran mai jinya, Habsu. Zogalen da ya lalace akwai na marayu a ciki. Ki gaishe shi." Ya sa hannu a aljihu ya miƙo mani kuɗin cefane. Na karɓa, don ba a mai da hannun babba, kuma don gidan babu komi. Wannan karɓar ta fi komi ci mani rai a hanya.

Maigida ya rubuta ma madam. Ta ba da haƙuri sosai, ta ce ba ta san rubutun bai yi aiki ba, ta ce zaɓen shugabanni na ƴan ƙungiya ne, su ba su sa baki, amma za ta faɗa a sama. Wataƙila ta faɗa. Issufu ya zo da kanshi karɓar hatimi da makullin magaza, ɗakin ajiyar ƙungiya, ya zauna shina sosa ƙeya, ya kasa haɗa ido da kowa. Na ba shi ruwa. Ban ba shi hura ba.

Satin da ya biyo maigida ya koma kwanciya kamar ciwon ya dawo. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai, sai juya baya ga ƙofa. Inna ta ce a koma Safo. Na ce Inna, wannan ba na malam ba ne. Jinyar nan ta biyu ta fi ta Maraɗi tsawo, kuma babu farmasin da ke da maganinta. Da rarrashi, da kwaikwayon mutane, da zama kusa da shi ina tsinkar zogale, har ya yarda ya fara fita lambu. Wata rana ya miƙo mani salula ya nuna mani wani ɗan layi: ya fita daga gurup. Salula ta rubuta haka gaban kowa. Da yake rubutu ne, ba wanda ya lura. Har bayan sati ina jiyo salular maƙwabcinmu ta kan katanga, ana cewa, "Muna gaida Lawali, Allah ya ƙara sauƙi."

To, ƴan'uwana, ga abin da na zauna in faɗa. In wuya ya sandare da zazzaɓi, a bar jiƙo a nufi likita a ranar. In kuma Allah ya ɗauke ma naku ji, kada ku yarda da "ai shina cikin gurup". Mutum na iya zama cikin gurup kamar wanda anka kulle a rumbu. Masu haɗa taro a salula, ku da masu porje da kunka kawo shi, in da kurma a cikinku ku tsaya a rubuta mashi, ku jira ya karanta, ku ji amsa daga bakinshi kafin a kira liman. Ke kuma mai jinya, in rana irin tawa ta zo maki, ki yi magana. Abin da za su ce daga baya bai kai wannan ɗaci ba.

Yanzu shina zuwa masallaci, shina zuwa suna da ɗaurin aure. Sai dai ya zo da wani hali da gari ke magana a kai. In anka ɗaga hannu za a yi Fatiha, shi nashi na kan cinya. Sai ya ja rigar na kusa da shi ya ce, da muryar nan tashi da babu mai matsa mashi gwiwa, "Ta mi ce? Fatihar mi ake?" In ba a samu mai rubuta mashi a ƙasa ba, har a shafa bai ɗaga ba.

Ranar sunan jikan Inna ina cikin mata bayan zana, na ji ya yi tambayar. Wata kusa da ni ta sunkuyo ta ce ma ƴar'uwarta a hankali, don ta manta irin kunnena, "Wayyo, ashe ciwon nan har kai ya taɓa."

Na ce, "A'a, yaya. Kan lafiya lau yake. Ya taɓa cewa amin ne bai tambaya ba."